Anti, Labarina Ya Cije

Saƙon da ya fi shigowa wayata daga ƙannena marubuta, bayan gaisuwa da ban-haƙuri, shi ne: "Anti, labarina ya cije." Wata ta kai shafi na arba'in ta tsaya cak. Wata ta san ƙarshen labarinta sarai, har kalar leshin da amarya za ta saka ranar kamu ta sani, amma ta rasa hanyar da za ta bi ta kai can. Wata kuma ta gama tsaf, sai dai in ta koma ta karanta sai ta ji abin lami. Kusan dukansu abu guda suke ɗora wa laifi, wai basira ce ta ɗauke. Akwai ma wadda ta ce mini tana zargin baki ne ya kama ta, tun da aka fara yabon rubutunta a zauren WhatsApp.

Ban ce babu baki ba, a yi ta addu'a. Amma daftarin da ake turo mini da wannan kukan, in na zauna na karanta shi daga farko, da wuya in tarar da cutar a inda alƙalami ya tsaya. Tana can baya, shafi goma ko ashirin kafin nan, a wani wuri da marubuciya ta bi hanya mai sauƙi ta wuce. Duk mai ɗinki ta san wannan: in riga ta ƙi zama a kafaɗa ba ƙara taka keke ake yi ba, reza ake ɗauka a farke, a koma inda layin ya fara karkacewa.

Shi ya sa ba na cewa kowa "ki huta, basira za ta dawo." Abin da nake bayarwa 'yan gajerun tunatarwa ne da nake rubutawa a bangon ciki na duk littafin rubutun da na buɗe (har yau da biro nake fara labari, sai daga baya in kwafe a waya, idona ba ya jure hasken allo da daddare). Yawancinsu tambayoyi ne da ake yi wa daftari, shi kuma in an matsa masa yakan faɗi gaskiya. Zan riƙa cewa "ke" don mata suka fi kawo mini wannan ƙarar. Maza ku yi haƙuri, kowa ya tsinci nasa.

Ta farko da manyan baƙaƙe nake rubuta ta: me tauraruwar labarin take so yau?

Ba a rayuwa ba, yau ɗin nan. Wata ƙanwata ta turo mini labarin Hindatu, amaryar da aka kai gidan kishiya a Kurna. Shafi talatin Hindatu tana kuka, tana tagumi, tana tuna gidansu. Na tambaye ta, me Hindatu take so? Ta ce kwanciyar hankali. To ai kwanciyar hankali ba ya rubutuwa. Kowa na son sa, har mai karatu, kuma babu wadda za ta yafa mayafi da ƙarfe huɗu na yamma ta fita nemansa. Muka yi ta tono har muka gano cewa sito guda ne a gidan, makullinsa kuma yana ƙulle a bakin zanen uwargida, ko ranar girkin Hindatu ce sai ta je ta tsaya a ƙofar ɗaki an auno mata shinkafa. Ashe makulli take so. Daga nan hanyoyi suka buɗe da kansu. Ta faɗa wa maigida da daddare, ya ce ta yi haƙuri? Ta kai ƙara wajen uwar miji, wadda ita ce ta damƙa wa uwargidan makullin tun farko? Ko ta lallaɓa ɗan uwargidan ya ɗauko mata, ta aika kasuwa a yanko mata wani, sannan ta zauna da fargabar ranar da za a lura man gyaɗa ya yi ƙasa? Kowace ɗaya shafi biyar ce, kuma wadda Hindatu ta zaɓa ita za ta gaya mana halinta, ba sai an ce mana tana da haƙuri ko tana da wayo ba.

A ƙarƙashin wannan tambayar akwai ƙanwarta: wa ya hana ta, kuma me ya sa yake ganin shi ne da gaskiya? Uwargidar da ke mugunta don kawai labari na bukatar muguwa ba ta kai shafi ashirin take ƙarewa, sai maimaici. Amma a ce shagon maigidan yana cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, wannan matar ce ta riƙe gidan da awo da ƙulle-ƙullen gishiri da maggi har ya farfaɗo, yana farfaɗowa kuma ya ƙaro aure. Yanzu makullin nan ba na sito ba ne kawai a wurinta. Mai karatu zai ji haushinta, zai kuma ji kunyar jin haushin nata, kuma wannan ne zai hana shi ajiye waya.

Tambayar da na fi so, wadda kusan kullum take tayar da fitowar da ta mutu (wato wani zama ko haɗuwar taurari a cikin labari), ita ce: wa ke ji?

Gidajenmu ba su da sirri. Tsakar gida ɗaya, labule a madadin ƙofa, yara na shiga suna fita, almajirin gida na wanke-wanke a bakin famfo, maƙwabciya ta leƙo aron rariya. Amma a daftari sai in ga mutum biyu sun zauna sun amayar da duk abin da ke cikinsu tsaf, jimla bayan jimla, babu mai katse su, babu mai tari a bayan labule. Na taɓa cin karo da layi mai kama da wannan: Hajiya ta ce, "Abubakar, kai ne ɗana na fari kuma ina ƙaunarka ƙwarai, amma raina ya ɓaci saboda ka fifita matarka a kaina." Wace Hajiyar? A wane gari? Matar da aka nuna mana tun farko tsohuwa ce ta cikin badala, wadda ko sunan ɗan farinta ba ta kamawa, ita ce za ta dube shi ta ce tana ƙaunarsa ƙwarai?

Ga yadda na san irin wannan Hajiyar. Ɗan ya shigo da yamma, ya tsuguna ya gaishe ta. Ta amsa idonta na kan farantin shinkafar da take tsincewa. Can sai ta juya wajen jikarta ta ce, "Ke Ummi, ɗauke kwanon nan ki kai wa almajirai. Masu shi sun ƙoshi a wani wuri." Shi kuma yana nan tsugune da ledar lemon da ya sayo, bai san ko ya ajiye ba ko ya fita da abarsa. Babu kalmar fushi ko ɗaya, babu kalmar ƙauna, amma duka biyun suna ciki, tunda an dafa an ajiye masa ɗin.

Wannan dukiya ce da muke da ita, muke kuma watsar da ita. Maganarmu mafi zafi ba kai tsaye take tafiya ba. Akwai habaici, akwai gatse, akwai shaguɓe, akwai hannunka-mai-sanda. Akwai waƙar da mace ke yi tana daka, wadda ba don turmi take yin ta ba. Yau kuma ga abin da ake ɗorawa a sitatus, a zauna ana duba ko wadda aka yi dominta ta gani. Akwai matar da ba ta faɗin sunan mijinta, sai "shi" ko "Abban Ummi", ranar da ta kira shi da sunansa na yanka a gaban mutane kuwa kowa ya san aure ya zo gargara. Akwai surukin da ke sauya hanya don kada ya haɗu da surukarsa. Duk waɗannan shinge ne, kuma in akwai shinge dole taurarinki su nemi dabarar zagayawa, dabarar nan kuwa ita ce labarin. Don haka in zance tsakanin mutum biyu ya ƙi daɗi, ki shigo da na uku ki zaunar da shi a gefe. Yaro ma ya isa. Nan take za ki ga kowa ya sauya harshe.

Na san akwai gidajen da uwa ke kiran ɗan farinta da suna, har ta rungume shi in ya dawo daga tafiya. Suna nan a Kaduna da Abuja da Kanon ma. Babu laifi ki rubuta irin wannan gidan. Abin da nake cewa ki san wane gida kika zaɓa, ki tsaya a kansa. In kuma kaka ta zo daga ƙauye ta ga wannan rungumar, kin samu fitowa kyauta.

Gaisuwa kuma fa. Na rubuta wa kaina: cire gaisuwa, sai wadda ke ɗauke da kaya. Mun san ana sallama, ana ina kwana, ana ya gajiya, ba sai an jera mana su duk shigar mutum ɗaki ba. Wadda za a bari ita ce wadda ta kauce wa yadda aka saba. "Ina wuni, Hajiya?" "Lafiya." Shi ke nan, babu ya yara, babu ya aiki. Ko ta mutumin da ya zo rance, ya gaida maigida, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jiki, ya koma ya tambayi gona, ya sake dawowa kan iyali, don bakinsa ya kasa ɗaukar abin da ya kawo shi.

Sai maganar da ke jawo mini tsana: kuɗin daga ina?

Jarumi ɗan shekara ashirin da bakwai, yana da kamfani a Dubai, wani a Turkiyya, asibiti a Abuja, ga shi kuma kullum yana kwance a falo yana tunanin yarinyar da ta watsa masa ruwan kwata a hanya. Na san masu karatu na son sa. Ni ma na karanta irinsa ina 'yar makaranta, na kuma ji daɗi. Matsalar ta sana'a ce, ba ta tarbiyya ba: mutumin da ke iya sayen komai babu abin da zai tsayar da shi, labarin da babu mai tsayar da tauraronsa kuwa dole ya cije, sai dai a yi ta ƙirƙiro rashin fahimta marar tushe don a ja shi. Abin da nake yi, nakan ware takarda guda in rubuta sunan kowane tauraro, a gabansa in sa abin da ke shigo masa da abin da ake bin sa. Wa ke biyan haya? Wa ke zubin adashi, kuma yaushe ne ɗaukarta? Wa mai kanti ke bi? Uban da ke da 'ya'ya mata uku da suka isa aure, kayan ɗaki kaɗai sun ishe shi labari. Rabin wannan takardar ba ya shiga littafi, amma tana nan a ƙarƙashin kowace magana. In kuma dole sai attajirin, to ki kai shi inda kuɗinsa ba sa aiki. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mai miliyoyi a banki yake tsaye a layin mai POS yana roƙon dubu biyar, mai ƙosai kuma ta ce ita ba ta san wani taransifa ba. Ko uban yarinya da ya ce ya riga ya yi wa ɗan aminin sa alkawari, ko nawa ne a riƙe.

Kusa da tambayar kuɗin na rubuta: wace shekara ce? Da yawa ba sa yanke wannan, sai labari ya riƙa yawo a wani zamani da babu shi. Wayar salula ta GSM a 2001 ta shigo Najeriya. Takardar naira dubu ɗaya sai 2005. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano a watan Janairun 2013, don haka in jarumarki ta tare ɗan acaɓa a Ƙofar Nasarawa a 2015, 'yan Kano za su san ba ki duba ba. Amma ba don gudun kuskure kaɗai nake wannan tambayar ba. Shekara tana zuwa da nata shingen. Saurayi a 1995 ba shi da lambar kowa, wasiƙa zai ba ƙanwar yarinya, ƙanwar kuma tana iya mantawa da ita a cikin littafin lissafi, ko ta faɗa hannun yayansu. Wanda ke ci-rani zai ɗauki murya a kaset ya aiko, a kunna a tsakar gida kowa na ji, har da abin da ya so matarsa kaɗai ta ji. Labarin da ya ƙi motsi a wannan zamanin, wani lokaci in aka mayar da shi baya shekara talatin sai ya tashi da gudu.

Akwai layin da na ja wa layi biyu a ƙasa: ba hatsarin mota, ba mantuwa, ba asiri.

Mun san yadda ake yi. Labari ya ƙulle, kishiya ta yi ƙarfi, an rasa yadda za a yi da ita, sai tirela ta fito a hanyar Zariya. Ko jarumi ya bugu a ka ya manta kowa. Ko a gano ashe jarumar 'yar wani gwamna ce da aka sace tana jaririya. Hatsari na faruwa, wa bai rasa wani a kan titi ba? Ƙaddara tana iya jefa taurarinki cikin rami, wannan babu mai musu. Amma in ita ce kuma ta zo ta fito da su, mai karatu zai ji an cuce shi, don ya bi mutanen nan shafi ɗari yana jiran ya ga yadda za su yi, sai aka ce masa ba sai sun yi komai ba.

Asiri ya fi damuna, kuma a nan na san za mu saɓa da wasu. Mijin da ya wulaƙanta matarsa ta fari shekara goma, ya hana 'ya'yanta kuɗin makaranta, sai a shafin ƙarshe a tono laya a ƙarƙashin murhu, ya farka yana kuka yana cewa ba ya cikin hayyacinsa. An wanke shi tas. Marubuciya mace, da hannunta, ta ɗauke wa namiji alhakin abin da ya aikata ta ɗora wa wata macen. Ni na fi son a bar shi da hankalinsa, ya yi abin da ya yi yana sane, mu ga yadda zai kalli 'yarsa ranar da aka zo neman aurenta. Ba cewa nake a daina rubuta masu bin bokaye ba, ai suna nan. In tauraruwarki za ta je, ki rubuta tafiyar: wa ya ba ta labarinsa, wane ɗan kunne ta sayar, ƙaryar da ta yi a gida cewa gaisuwar mutuwa za ta, yadda ta ja mayafi ta rufe fuska a tasha don gudun idon sani, da abin da ta ji a ranta lokacin da aka kira la'asar tana zaune a layi. Ko aikin ya ci ko bai ci ba, ki bar mu cikin shakka yadda ita ma take ciki.

Siffanta kyau ba zan daɗe a kai ba. Fara, doguwa, dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. Wannan yarinyar ta fito a littafi ɗari, ta gaji. Ki ba ni abu guda da ita kaɗai ke da shi: tana taune bakin hijabinta in tana lissafi, ko ba ta iya wuce tabarmar da ta karkace ba ta gyara ba.

Wa'azi ne ke da tarihi. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar na farko na wannan fanni a boko, sai da ya zagaya yana lallashin masu ilimi. Ya rubuta daga baya, a 1936, cewa babbar wahalar ita ce shawo kan malamai su yarda cewa labarin da aka ƙaga, wanda ba na addini ba ne ba kuma na koyar da wani darasi ba, ya cancanci a rubuta shi. Abubakar Imam yana cikin waɗanda suka amsa kira, yana saurayi mai koyarwa a Midil ta Katsina. Wannan ɗari-ɗarin bai bar mu ba har yau. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa aka yi ta zargin marubuta da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka tara littattafai aka cinna musu wuta a Kano a bainar jama'a. Wadda ta taso cikin wannan, ba abin mamaki ba ne in ta riƙa tsayar da labari kowane shafi goma ta juyo ta ce, "'Yan uwana mata, mu ji tsoron Allah." Garkuwa ce. Na fahimta.

Sai dai garkuwar tana da nauyi. Duk inda kika tsaya kika yi nasiha, kin yanke hukunci, bayan hukunci kuma babu sauran abin jira. Sau da yawa a nan ne daidai labari ke mutuwa, marubuciya ba ta lura ba sai bayan shafi goma. Abin da na rubuta wa kaina shi ne: in labarin ya faɗa, ke ki yi shiru. In kin nuna mana yarinyar da aka cire daga aji biyar aka aurar, muka gan ta tana ɓoye littafinta na Turanci a ƙasan akwatin lefe, babu buƙatar sakin layi a kan muhimmancin ilimin 'ya mace. In kuma akwai nasihar da lallai sai an yi, ki sa ta a bakin wani tauraro mai nasa aibin, a lokacin da bai dace ba, ga wadda ba ta son ji. Haka ake yi mana nasiha a gaske.

Ga wadda ta gama daftari tana jin ya yi lami, aikin da nake ba ta guda ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata marubuta, takan nemi labarin da bai wuce kalma 1,500 ba. Ko ba za ki shiga ba, ki ɗauki babi guda na littafinki ki matse shi zuwa wannan adadin. Za ki yi ta ƙorafi cewa ba zai yiwu ba. Zai yiwu. Abin da ya fara fita shi ne tashi daga barci, wanka, shafa mai, zaɓen kaya da saukowa daga bene. Ki duba abin da ya rage bayan an gama yankan, yawanci a nan ne babin ya kamata ya fara tun asali.

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook suna da tasu cutar daban. Littafin da aka buga a Kano a shekarun 1990, sai an gama shi, ko aƙalla kashi na ɗaya, kafin ya je kasuwa. Yanzu kuwa ana rubutawa da rana a saki da daddare, kafin asuba sharhi ya cika zaure. "Anti don Allah kar ki raba su." "Wallahi in ba a kashe Hajiya Babba ba na daina karantawa." "Shafin yau ya yi kaɗan." In zauren na kuɗi ne abin ya fi tsanani, don wadda ta biya tana ganin tana da ta cewa. Marubuciya ta bi wannan ta bi wancan, ranar da ta waiwaya sai ta ga labarin ba nata ba ne, ga shi kuma abin da aka saki ba ya farkuwa. Tunatarwata a nan biyu ce. Kada ki saki shafi sai kina da aƙalla biyar a gabansa a ajiye, don in kin gano karkata ki samu wurin gyara. Sannan sharhi yana gaya miki inda aka ji zafi ne, ba abin da za ki yi ba. In zaure ya tashi yana neman a kashe Hajiya Babba, ki gode wa Allah, ki ƙara mata kwana.

Karanta da baki. Wannan kowa na faɗa, kaɗan ke yi. A wurinmu kuwa ya zama dole, don littattafanmu da yawa ta kunne suke isa ga mutane, a gidajen rediyo da tashoshin YouTube masu karanta labarai. Ki kulle ɗaki ki karanta da ƙarfi. Inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda kika ji kunyar furta magana, ba haka mutane ke faɗin ta ba. A nan za ki gane cewa Fadila da Fa'iza da Farida a gida ɗaya azaba ce ga mai sauraro. Bayan nan ki yi amfani da wurin bincike na manhajar da kike rubutu, ki nemo "ajiyar zuciya", "lumshe ido", "turo baki" da "murmushi". Ki ga adadin da zai fito. Ki bar biyu-biyu.

In duk an yi wannan labari bai motsa ba, akwai 'yan dabaru marasa kwarjini da ke aiki. Ki tsallake wurin, ki rubuta fitowar da kike ɗokin kaiwa, gadar da za ta haɗa su takan zo daga baya. Ko ki ajiye biro ki ba wani labarin da baki, kuna gyaran kayan miya, ki lura da inda kika ce "to daga nan dai sai", don nan ne ramin. Ko ki ba muguwar labarin alƙalami ta rubuta wa ƙawarta saƙo a kan abin da ya faru jiya. Ranar da rubutu ke gudu kuma kada ki rubuta har ki ƙafe, ki tashi kina sane da jimlar da ke biye, gobe ki samu abin kamawa.

Mai duba miki daftari mutum ɗaya ya isa, kuma kada ta zama mai tsoron ɓacin ranki. Kada ki tambaye ta ko ya yi daɗi, za ta ce ya yi. Ki tambaye ta a wane shafi ta ajiye wayar ta tafi ɗora sanwa, kuma da ta dawo, labarin ta fara buɗewa ko sitatus ɗin mutane.

Layin ƙarshe a bangon littafin nawa ba na fasaha ba ne. Da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet, ta rufe a ƙarshen 2023, marubutanmu da ke sayar da littattafai a can sai da kowa ya koma neman kwafinsa, ga kuma ƙwacen waya da ya addabi garuruwanmu. Duk ranar Juma'a ki tura wa kanki daftarin ta imel, ki sa kwanan wata a sunan fayil ɗin, kada kuma ki goge tsohon don kin yi sabo. Babin da kika farke yau, wata uku nan gaba kina iya bukatar rabinsa.